Ɓangaren da Bai Shiga Ba

A shekarar da na gama jami'a na dawo Gaya, kawuna ya tsaya min wurin wata ƙungiyar makiyaya a Gafasa. Shafin intanet suke so, inda za su riƙa shigar da shanun da aka yi wa rigakafi ta waya. A gaban kowa ya ce ɗan ƙanwarsa ya iya. Maganar nan ta hana ni sukuni, don in abin ya ƙi, shi za a kalla.

Irin wannan shafi ɓangare-ɓangare ake rubuta shi, sai wata manhaja ta bi folda-folda ta tattaro ta haɗa. Fayil ɗin saiti ne ke gaya mata inda za ta duba. Ni kuwa saitin aikina na makaranta na kwafo, alhali na sauya ginshiƙin da nake gini a kai, kuma kowane ginshiƙi da inda yake ajiye kayansa. Ina jin na san da haka. Wataƙila na ɗauka bambancin bai taka kara ya karya ba.

Manhajar ta haɗa ba ƙorafi. A ɗakina komai lafiya, amma na kasa zama. Ana gobe za a fara, bayan azahar, na saɓi jakar kwamfuta na hau acaɓa zuwa Gafasa. Na tsaya bakin garken da za a soma da shi, inda sabis ke ɗaukewa, na buɗe shafin a wayata. Fari fat.

Ɓangaren da ke riƙe bayanai in babu sabis bai shiga ba. Manhajar ta leƙa inda tsohon saiti ya nuna mata, ba ta gan shi ba, ta wuce abinta. A Gaya ga sabis, wa zai lura?

Kawu yana can wajen makiyayan, ya hango ni.

"Kai ɗan boko, hoto kake wa shanun?"

"Kawu, kamar akwai 'yar matsala."

"Kamar, ko akwai?"

"Akwai."

"To ka zo kallonta ne?"

Layi biyu na gyara, kwamfuta a cinya. Na taka zuwa bakin titi inda akwai sabis na ɗora sabon, na dawo garke. Ya buɗe. Ban yarda ba, na sake komawa na duba jerin ɓangarorin da manhajar ta gano ɗaya bayan ɗaya.

Da na dawo, Kawu ya karɓi wayar ya shigar da wata farar saniya da kansa. Ta shiga. Ya juya ya nuna wa mai garken.