Zogalen da Na Ƙwace

Har yau ina tuna ranar da aka kawo mana Mamman Damaga ɗakin shan magani na sansanin ma'aikata, lokacin aikin madatsar ruwa ta Bakolori. Ni mataimakin malamin jinya ne a sannan. Nakan rubuta suna, in tambayi ciwo, sannan in shigar da mutum wurin likita.

Mamman lebura ne mai fasa dutse. Cikinsa na yi masa zafi kamar an zuba garwashi. Heluma, wato shugaban leburori, ya ce in ya wuce kwana bakwai bai fito ba, za a ba wani gurbinsa.

Dokarmu, ba a shigo da maganin gargajiya. Da na duba jakarsa na tarar da kwanon dafaffen zogale da gorar ruwan ganyen gwaiba, matarsa ce ta haɗo masa. Na ƙwace. Ƙwayoyin ciwon jiki da ke aljihunsa kuwa na bar masa, tunda na kanti ne.

"Malam, mi zogale ya yi maka? Abincina ne fa."

Na ce, "Doka ce."

Likita ya bi shi da tambaya daki-daki. Ashe kullum kafin ya karya kumallo sai ya haɗiye ƙwaya huɗu don ƙarfin aiki, ya bi da goro. In zafi ya taso, ya jiƙa kanwa ya sha.

Likita ya dube ni. "Malam Sani, ka kama mai gadi, ka saki ɓarawo."

Ya bayyana mini cewa ciki na da wata shimfiɗa mai yauƙi da ke kare shi, ƙwayar nan ce ke kankare ta. Ganyaye irin zogale da gwaiba kuwa suna ɗauke da sinadarai da ake kira filabonoyid, ana kyautata zaton suna rage kumburi, su taimaka wa shimfiɗar. "Ban ce sun isa ba. Maganinmu zai sha, ya bar ƙwaya da kanwa. Amma mayar masa da abincinsa."

Na mayar. Mamman ya leƙa kwanon ya ce, "Malam, ko ka ɗanɗana? Na ga ya ragu."

Kwana na shida ya koma bakin dutse.

Ku da kuke aikin jinya yanzu, ku riƙe wannan: mutanenmu ba sa ɗaukar ƙwayar kanti abin faɗa wa likita. Ba ɓoyewa suke yi ba. Sai ka tambaye su me suke sha, nawa, kuma yaushe.