Hansai Mai Ƙosai da Littafin Gajimare

Duk wanda ya zauna a Arlit a shekarun da kasuwar uraniyom ta faɗi ya san Hansai mai ƙosai, in bai san sunanta ba ya san muryarta. 'Yar garin Tawa ce, gajera, ga faɗa kamar da barkono take karya kumallo, amma in ka zo mata da yunwa ba ka tashi da ita. Mijinta Sidi direban kamfani ne, har aka rage ma'aikata ya dawo gida ya zama mai ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Kaskonta ne ya riƙe gidan, a lokacin da fari ya koro makiyaya bayan gari, tawaye kuma ya sa mota ba ta fita sai da rakiyar soja. Katanga ɗaya ta raba ni da ita, don haka ba labari aka ba ni ba.

Da Turawan kamfani suka fara tattara komatsansu, wani kuku mai suna Amumun ya kawo mata kwali cike da takardu na naɗe ƙosai. A ƙasan kwalin akwai littattafan yara masu hotuna. Ta yagi shafi ɗaya ta gwada, ashe takardar santsi gare ta, ba ta shan mai. Ta ja tsaki ta tura su ƙarƙashin gado.

Ana haka jikarta Aminatu ta shiga wani hali. Ƙawarta ɗaya ce tak, Liya, sai aka sallami baban Liya daga aiki, suka hau babbar mota suka koma Maraɗi. Aminatu ta daina wasa, abinci ma sai an yi da gaske. A ce yarinya tana ramewa a gidan mai ƙosai! Hansai ta yi faɗa, ta yi lallashi, duk a banza, kuma tsoro ya kama ta sosai.

Ran nan da la'asar ta jawo littafi ɗaya ta zaunar da yarinyar. Hansai ba ta san ko harafin boko ɗaya ba, amma ta yi karatun allo, ta san littafin kirki daga dama ake buɗe shi. Shafin farko a wajenta, wata yarinya ce tsaye ita kaɗai cikin ruwan sama tana kuka.

"Kin gane ta? Ba ta da kowa," in ji Hansai. "Sai tac ce ma ruwa, ku tashi! Ruwa sunka koma bisa."

Ta buɗe gaba, ruwan ya taru ya zama ƙaton gajimare. Gaba kuma ya ƙanƙance har ya dawo kamar ɗan rago. Yarinyar ta ɗaura masa igiya tana yawo da shi, suna ci a kwano ɗaya. Ranar Aminatu ta ci ƙosai har da neman ƙari.

Kafin ka ce kwabo yaran unguwa sun ji, har da 'ya'yan makiyaya, kullum la'asar suna kewaye da kasko. Ba wanda ya yi gardama. Yaran Arlit sau nawa suka ga ruwan sama da za su rantse ba ya komawa inda ya fito? Aminatu ce mai riƙe littafi, ita ke zaɓar wanda zai zauna kusa da ita.

Sai aka sa Aminatu lakwal, wato makarantar boko, malamarsu ta koya musu cewa littafin boko daga hagu yake farawa. Ta dawo gida ta gwada, ta ga gajimaren nan girma yake yi, ya tsinke igiya, ya zube ruwa, ya bar yarinya ita kaɗai. Ta ture kwanon abincinta.

"Kaka, baya-baya kike karantawa. Tafiya ya yi ya bar ta."

Ina jin Sidi ta katanga yana cewa shi dama ya yi zargin haka. Hansai ta ce ya ji da shayinsa. Ta sauke kasko, abin da ban taɓa ganin ta yi da ciniki a gaba ba, ta zauna.

"To malama, karanta min ta wajenku in gani."

Aminatu ta bi shafi-shafi har ƙarshe. Hansai ta daɗe tana duban yarinyar da ke cikin ruwa.

"Wanda yay yi littahin ga ba ya da tausai," ta ce. "Ya kawo ɗiyar mutane nan ya aje, ya yi tahiyatai. Mu ba mu barin ta. Kin kai bango, juyo."

Suka juyo tare, Aminatu na buɗewa, kakar na ba da labari, har gajimare ya dawo kan igiyarsa. Sai Aminatu ta tambaya.

"Kaka, Liya ma za ta juyo?"

"Wannan sai Allah, ɗiyata, ba ni yi miki ƙarya. Amma waɗancan da ke bakin ƙohwa, tun ɗazu sunan wa suke kira?"

Aminatu ta leƙa. Ta ɗebi ƙosai cike da hannu biyu, ta saƙale littafin a hammata, ta fita da gudu ko takalmi babu.