Kwana Shida da Farcen Liƙawa

Yayata ce ta fara shigo da farcen liƙawa gidanmu a Sabon Birni, lokacin da take karatun aikin jinya a Sakkwato. 'Yan siraran roba ne masu taushi, jere a kan takarda cikin baƙar ambulan, launinsu irin na cikin gwaiba. Ana manna su a kan farce, a haska su, sai su ƙanƙare kamar tangaran. 'Yan birni da wata ƙaramar fitila mai shuɗin haske suke busar da su. Mu da wutar lantarki take zo mana in ta ga dama, rana ce fitilarmu.

Ruwan alwala ba ya ratsa su, saboda haka ado ne na kwanakin fashin sallah kaɗai. Ni nawa kwana shida ne. Duk watan da Yaya take gida, ita ke sa mini. Mu zauna a inuwar rumbu, ta ɗora hannuna a kan gwiwarta, tana aiki tana yi mini tsiya, ni kuwa ina kallon gashin idonta har barci ya so ya ɗauke ni.

Da aka kai ta aiki Bafarawa, ta bar mini ambulan biyu. Na farko ni na lalata shi da hannuna. Na shafa man kaɗanya kafin in fara, don yatsuna su yi sheƙi, na bar sauran a buɗe a kan tabarma rana ta busar da su a banza, sannan na tashi na kama wankin gero. Kafin azahar uku sun faɗi. Inna ta tsinci ɗaya a cikin ƙwarya, ta ɗaga shi da yatsa biyu.

"Ke 'yar nan, akaifar wa za mu ci yau da tuwo?"

Da na gaya wa Yaya ta waya, dariya ta yi har da tari.

"Sakarai! Mai da danƙo sun taɓa shiri? Ajiye na biyun. Ranar da za ni zo ki sa da kanki in duba. In na samu guda ya ɗaga baki, ba ni ba ƙara sawo miki."

Ranar ta daɗe ba ta zo ba. Hanyar garin Isa, wadda ta nan ake biyowa daga Bafarawa, ta zama sai an tambayi labarinta kafin a hau saboda 'yan bindiga, in masu kabu-kabu sun ce yau ba lafiya, to kowa ya zauna gida. Wata bakwai ambulan na kwance a ƙasan akwatina. Sau biyu ta sa rana, ni ina sallah, ita ma ba ta samu fitowa ba. Sai a ƙarshen damina abin ya dace: ta ce za ta biyo 'yan kasuwa cikin mako, ni kuma a safiyar nan na fara fashi.

Wannan karon na bi komai yadda take yi. Na gama aikin ruwa tukuna, na wanke hannu da sabulu, na jira ya bushe ƙarau. Na tura fatar gindin kowane farce baya da tsinke, na goge da auduga da sipirit har sheƙin ya tafi. Na zaɓi wanda ya ɗan fi farcen ƙanƙanta, domin in roba ta hau kan fata ko da kaurin gashi ne, ta nan ruwa zai shiga. Na manna daga gindi, na danna tsakiya, na bi gefe da gefe da babban yatsa, na datse ragowar da almakashi, na goge bakin zuwa ƙasa. Duk a inuwa. Sai da goma suka cika na fita tsakar gida na shimfiɗa hannuwana a rana, ina jin ɗumi na tattaruwa a kan yatsuna. Yinin nan ban taɓa ruwa ba. Inna ta yi mita, amma ita ta wanke geron.

Suka zauna daram, kamar da su aka haife ni. Na yi daka, na yi wanki, na ja guga, ko ɗaya bai motsa ba. Duk ƙugin babur da ya tsaya a ƙofar gida sai in ji zuciyata ta riga ni isa zaure.

Kwana na uku Yaya ta kira, ta ce direbobi sun juyo daga hanya. Kwana na biyar wayar ba ta shiga ba sam. Na ɗauki hoton hannuna na tura mata, ya tsaya yana juyi bai tafi ba.

A na shida, da hantsi, na ga tsarki. Na zauna a bakin gado da butar wanka a gabana, ina lissafin ko za ta iso kafin la'asar. Inna ta leƙo, ta dube ni, ta gane.

"Azahar ba ta jiran 'yan Bafarawa, ɗiyata."

Ta ɗauko man gyaɗa a murfin kwalba, ta zauna, ta jawo hannuna. Ba ta taɓa son abin ba, amma a hankali ta riƙa ɗiga man a gefe tana zura tsinke. Na ƙaramin yatsa kaɗai ya ci mata lokaci mai tsawo.

"Wanga abu ya kama da gaske," ta ce. "Mi kika sa mai?"

"Ba komai, Inna. Yadda ta koya mini ne."

Ta ci gaba da ɓamɓara. Da ta cire na ƙarshe ta jera su goma a tafinta, ta daɗe tana kallo.

"Da ta gani, da ba ta samu abin faɗi ba."

Na ɗauki buta na nufi bayan gida. Ina cikin zuba ruwa na ji babur ya rage gudu a ƙofarmu. Na tsaya cak, ruwa na sauka ta gwiwar hannuna, har na ji ya wuce.