Ashe barci aka sa kwamfutata

Ku yi haƙuri, ban saba rubutu a nan ba.

Kwamfutar da nake gwajin jarrabawa da ita ta cika nawa, har Baba ya ce a sayar. Jiya na kai wa malamarmu ta kwamfuta ita a Gaya.

Ta duba, ta yi dariya. "Wa ya taɓa saitin wuta?"

"Yayana ne, Malama. Gidanmu ba lantarki, shi ne ya rage komai don caji ya daɗe."

"Ai barci ya sa ƙwaƙwalwarta, ko an jona ta ba ta farkawa."

Ta canza saiti a wuri biyu kawai. Wallahi shafin da nake jira har in gaji ya buɗe kafin in ƙifta ido! Na tsaya baki buɗe.

Baba ya fasa sayarwa. Ko za ku ba ni izini in sake rubuto muku?