Shuɗin Bahon Auta

Likitar Sauro muke ce mata a layi, alhali ko allura ba ta taɓa riƙewa ba. 'Yar tela ce, tana jami'a. Da dogon hutu ya zo, ofishin lafiya suka ɗauke ta koyon aiki. Wane aiki? Wai ƙirgen sauro da kaska. Har da masu riƙe ciki don dariya.

Da safe takan cusa ƙafar wando cikin safa, ta ja farin ƙyalle bisa ciyawar bayan mayanka. Taku ashirin ta ɗaga, ta tsince kaskar da ta maƙale, ta jefa a kwalba. Uwarta ba ta iya kallon ƙyallen nan a kan igiya, wai irinsa aka naɗe autanta da shi. Zazzaɓin kwana uku ne ya ɗauke yaron, shekara shida ke nan.

Da hantsi kuma gida-gida take bi da dogon ludayi, tana ɗibar duk ruwan da ya kwanta a tsohuwar taya ko gwangwani. In ta ga tsutsar sauro na wutsil-wutsil, sai ta kife abin, ta rubuta lambar gida. Idonta a bushe yake. Mai kantin magani ma ta kife masa bokiti a gaban matarsa.

Gida ɗaya ta yi sati biyar tana tsallakewa: nasu, lamba sha bakwai.

Bayan ɗakin girkinsu akwai shuɗin bahon da ake yi wa auta wanka. Yana nan inda aka bar shi. Ruwan sama ya cika shi, rana ta shanye, ya sake cika. In ta gifta, sai ta ji kamar ana facal-facal a ciki.

Sai ga yayarta ta zo hutu da jaririya 'yar wata huɗu. A ranar shugabar aikin ta dubi takarda ta ce, "Ke, lamba sha bakwai fa? Ko gidan aljanu ne?"

Yarinyar ta dawo gida ta tsoma ludayi a bahon. Ya fito baƙi ƙirin, yana motsi.

"Ajiye," in ji uwar daga bayanta. "Na ƙaninki ne."

"Mama, a nan suke ƙyanƙyashewa."

Uwar ta daɗe tana kallon ludayin. "Lokacinsa ma ina barin ruwa a ciki. Yana son wasa da shi. Su ne suka ɗauke min shi?"

"Wallahi ban sani ba, Mama."

Kuma gaskiyarta, duk bokon nan bai gaya mata ba.

Jaririya ta tsala kuka a ɗaki. Uwar ta sunkuya, ta kama bakin bahon da hannu biyu, ta tuntsurar. A gurbinsa ƙasa fara fat, ga wata 'yar motar roba ba taya.

Yarinyar ta rubuta sha bakwai.

Bahon yana nan a kife. In ana ruwa yana buga bayansa, ita da uwar sukan kasa kunne har ya ɗauke.