Madam Zeinabu da koren ruwan tabkinmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina ban ruwa a lambu labari ya iske ni. Madam Zeinabu ta rasu.

Yanzu haka ina bakin hanya a Tabla ina jiran motar Filinge. An ce bayan Azahar za a kai ta. Direba ya ce ba ya tashi sai mota ta cika, ga shingayen bincike a gaba. Ina rubutun nan ne don kar in yi faɗa da mutum.

Ga wanda bai san ta ba, ita ta karantar da mu ilimin halittu a lise, wato makarantar sakandare. Ni ban ma gama ba, na koma gida noman lambu. Amma ko a kasuwa ta gan ni sai ta tsaya ta tambayi salatina, mi ke cin ganyensa, wane magani nike sa mishi.

Shekara huɗu ke nan, cikin zafin bazara, awaki bakwai na Kawu Idi, maƙwabcinmu, sunka sha ruwan tabkin garinmu sunka mutu kafin la'asar. Lambuna na bakin tabkin. Wani ya ce ya gan ni ina wanke famfon feshi a ciki. Wallahi ban yi ba, amma wa za ya saurara? Anka tumɓuke min shinge. Matata ta kasa zuwa rijiya. Maigari ya ce gobe da hantsi za a zauna, in ya tabbata ni ne, in bar wurin.

Na kira Madam na faɗa mata. Ta ce, "Sani, ruwan wane launi ya yi?"

Na ce kore shar.

"Ɗebo min kwalba biyu. Ɗaya daga gefen lambunka, ɗaya daga inda awakin sunka sha. Amma ka ji ni da kyau: in na ga alamar kai ne, bakina za ya faɗa."

Na iske ta a ɗakin gwaji na lise, ita da tsohon mikroskop ɗinta mai madubi, na'urar ganin ƙananan halittu. Shekara da shekaru tana tara gansakukar tafkunan Kurfai, ba mai kauri da muke gani ba, ƙanana waɗanda ido ba ya rabewa. Tana ɗiga ruwan a gilashi tana yi min bayani kamar ina aji.

Ta ce kowace ƙwaya tana da bango da ya kewaye ta. Da yawansu da selilos suke gina shi, abin nan da ke cikin auduga da karan hatsi. Wasu da furotin mai haɗe da sukari. Wasu har ɓawo mai tauri suke daɗawa daga waje, ko asid ba ya cinsa. Irin waɗannan ba su cika cutar da bisashe ba. Amma akwai wasu masu kama da su a ido, alhali bakteriya ne, bangonsu daban yake. Su ne ke iya sakin guba in zafi ya yi yawa ruwa ya ja baya.

Ta ɗiga aidin da ɗigon asid a ruwan gefen lambuna. Ta leƙa, ta ce in leƙa. Bangon ƙwayoyin ya koma shuɗi.

"Selilos ne," in ji ta. "Wannan ba ta kashe akuya."

In ba gansakuka ba ce, ai ni ne na rage.

Ta ɗauki kwalba ta biyu. Wannan karon bango bai canza ba. Na ce, "Madam, shi ke nan na fita?"

"Tsaya. Ba na ce maka wasu korayen ma ba su da selilos ba? Kar ka sa ni gaggawa."

Ta fi rabin awa ba ta ɗago kai ba. Ta canza gilashi sau uku. Ina jin ƙarar agogon bango. Can ta ce, "Babu jakar kore a cikinsu, babu sitaci. A jere suke kamar carbi. Su ne bakteriyar da na ce maka."

Washegari da sassafe ta hau bayan babur ɗina, mikroskop a cinyarta naɗe da zane. Mun iske ƙofar maigari cike. Wani ya ce an kawo mace ta wanke ɗalibinta. Ba ta ko dube shi ba. Ta ajiye abin a turmi, ta juya madubi ga rana, ta kira Kawu Idi.

Ya daɗe yana leƙe da ido ɗaya. Ya ce, "Ɗiyata, ni carbi kawai nike gani."

Ta ce, "Baba, ba zan rantse maka ba, don guba ba a ganinta da wanga abu, sai an aika ruwan Yamai. Amma iska ta tara wanga carbi daidai inda awakinka sunka sha, kuma an san shi da kisan dabbobi. Ku zo ku gani kuma."

Ta ja mutane har gefen lambuna. Talibambam da ƙwarin ruwa suna ta yawonsu. Ta ce da maganin feshi anka zuba nan, da su za su fara mutuwa.

Maigari ya ce a kewaye gefen da awakin sunka sha da ƙaya. Kawu Idi bai ba ni haƙuri da baki ba, amma shi ya fara ɗaukar itace muka mai da shingena.

Na kai mata buhun albasa daga baya. Ta ɗauki uku ta maido sauran.

Ganinmu na ƙarshe mako biyu ke nan, ran kasuwar Filinge. Ta rame ƙwarai, tana dogara bango in za ta tashi. Na tambayi jiki, ta ce da sauƙi, ta sauya magana. "Akwai wata gansakuka a tabkinku da bangonta ya ƙi min. Na dafa ta, na sa mata asid, ko gezau. In za ka zo, riƙo min kwalba ɗaya."

Na ce to, kasuwa mai zuwa. Kasuwar ta zo, na tsaya dashen tumatir ban je ba.

Mutum biyu sunka rage mota ta cika.

Ya Allah, ta tsaya min ranar da ba ni da kowa. Ka tsaya mata yau. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka sa ilimin da ta bayar ya bi ta, Ka ba 'ya'yanta haƙuri.

Duk wanda ya karanta, ko bai san ta ba, don Allah ya yi mata Fatiha. Ni kuma ku roƙa min in iske sallar.