Makunnin da Baba Bai Kashe Ba

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Ɗanjuma bakanike, kuma har yanzu idan aka tambaye ni yadda nake ji, ba na samun abin faɗa. Ba na kuka. Ina nan dai, kamar ruwan da aka manta a randa.

Mutanen Tudun Wada sun fi saninsa da motarsa, wata tsohuwa ruwan toka da ta girme ni. Gwaggo yake kiranta. Aibinta ɗaya ne, zafi. Da mun shiga cunkoson bakin gada sai allurar zafi ta fara hawa, Baba ya fita da jarka da tsumma. Ya taɓa yi mini bayani cewa bel ne ke juya famfon ruwanta, don haka in injin ya rage gudu famfon ma sai ya yi kasala, daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

A shekarar da sojoji suka koma bariki ya samo ɗan famfo mai aiki da lantarki a kasuwar Panteka. Abokinsa Baba Yohanna, mai gyaran wayar mota, ya zo daga Narayi. Suka yanke tiyon ƙasa na lagireto, suka ɗaura famfon a tsakani. Ina tsugune kusa da su ina ji.

"Ɗanjuma, bari in haɗa shi da makulli. In ka kashe mota, shi ma ya tsaya."

"A'a, Yohanna. Kai tsaye daga batir. Injin da aka kashe zafinsa ƙaruwa yake yi, ai ka sani. Ko soja ba ranar da ya sauka yake hucewa ba."

"To, Janar. Ga makunninka nan ƙarƙashin sitiyari."

Daga ranar Gwaggo ba ta sake tafasa ba, gidanmu kuma ya sami sabuwar al'ada. In Baba ya dawo da la'asar ya kashe injin, sai ya zauna a ciki minti biyar, famfon yana ɗan gurnani a hankali kamar kyanwa, sannan ya kashe makunnin. Ba mai damunsa. Mama ba ta fito da abinci sai gurnanin ya tsaya. Ni kaɗai nake da izinin shiga gefensa in karanta masa waƙoƙin da nake rubutawa a bayan littafina. Bai taɓa yabawa ba. Yakan ce, "Ƙara wannan, ruwa bai huce ba."

Ran nan ina da jarrabawa, ban fita ba. Na ji buɗe ƙyaure, na ji an kashe injin, na ji gurnanin. Minti biyar suka wuce, goma suka wuce. Mama ta ce daga madafa, "Yau Gwaggo ta sha rana." Na ce haka ne, na juya shafi. Sautin da muka saba da shi ne ya ce mana lafiya lau. Sai da aka kira magariba na fita, na same shi kansa a jingine, hannunsa a kan gwiwa, taƙi ɗaya tsakaninsa da makunnin. Likita ya ce zuciya ce. Ban tambaye shi ko da mun fito cikin mintunan nan da ya rayu ba. Har yau ban tambayi kowa ba.

Wani lokaci nakan yi tunanin abin da zai ce da Kaduna ta yau. Motocin waje sun cika titi, fankarsu na kunna kanta tana kashe kanta, ba mai zama ya jira. Masaƙun Kakuri, inda abokan cinikinsa suke aiki, sun yi tsit. Ina jin zai leƙa cikin sabuwar mota ya ce ba wurin sa hannu. Mulkin farar hular da ya yi wa murna kuwa, watakila ya ce a ba shi minti biyar ɗinsa. Mai haƙuri ne da abin da ke hucewa a hankali.

Watan jiya wani mai tara tsofaffin motoci ya zo neman Gwaggo. Mama ta ce ni zan yanke. Na kira Baba Yohanna ya duba ta tukuna. Ya yaye tamfol, ya cika lagireto, ya kawo sabon batir. Yana ɗora waya a kan batirin, gurnanin ya tashi.

Ashe a rikicin ranar ba wanda ya tuna da makunnin. Famfon ya yi ta aiki muna zaman makoki har batir ya mutu.

Baba Yohanna ya cire hularsa. Sannan ya ce, "Shiga, 'yata. Kashe masa."

Na zauna a kujerarsa. Na jira minti biyar cur, ko da yake injin ya fi dutse sanyi. Ban ji komai ba sai ƙamshin tsohuwar fata da man birki. Na miƙa hannu na kashe.

Na aika wa mutumin cewa ba ta sayarwa ba ce. Abin da Baba ya bari ba shi da yawa: famfo mai aiki, aboki ɗaya, da gidan da ya koyi jira. Domin da na ɗago kai, sai ga Mama a ƙofar madafa, riƙe da kwanonsa.